Kama da Wane Ba Ta Wane: Koren Dutsen Dayofsayid, Daga Zoben Kasuwa Zuwa Ƙasar Kafur

A Babbar Kasuwar Katsina, kamar sauran kasuwannin ƙasar Hausa, launi ne ke raɗa wa dutsen ado suna. In ja ne, a ce yaƙutu ko aƙiƙ. In kore ne kuwa, magana ta ƙare: zumurrudu. Ɗan koli zai ɗaga zoben azurfa ya juya shi a rana ya ce, "Alhaji, wannan daga Saudiyya ya zo." Mai saye ya taya, a yi albarka, a ƙara, a sallama. Galibi babu wanda ya yi niyyar cutar wani. Mai tebur da sunan da aka sayar masa ya sayar. Shi ma sari ya yi a hannun wani a Kano, na Kano ya saro a Jidda ko Dubai, su kuma can daga masu yankan duwatsu na Jaipur a Indiya ko na Bankok. Hannu ya yi yawa, sunan gaskiya yakan faɗi a hanya tun kafin kaya su iso gida.

Alhali koren dutse iri-iri ne. Akwai zumurrudu na ainihi, wanda har a ƙasar nan ana haƙo shi a yankin Gwantu ta Jihar Kaduna da kewayen Nasarawa Eggon. Akwai zabarjadi mai launin ɗanyen ganye, akwai koren tomalin, akwai farin dutse da aka rina, akwai kwalba zalla. Sannan akwai wanda nake so mu tsaya a kansa, wanda masana ma'adinai ke kira dayofsayid. Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne yana da ayyuka biyu da ba su yi kama da juna ba. A yatsa ado ne mai sauƙin kuɗi. A cikin yashin rafi kuwa alama ce ta abin da ke kwance can ƙarƙashin ƙasa. A wurare biyun duka, wanda ya tsaya ga launi kaɗai zai tafka asara, kuma asarar mai haƙa ta fi ta mai zobe ciwo.

Son dutsen ado ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, an tona wasu kaburburan manya a 1907, aka sake tonawa a 1992. An samu kayan zinariya da wuri da duwatsun wuya na dutse da na gilashi, har da kwanon ƙarfe da aka ƙera a ƙasashen gabas, kuma binciken ya nuna kaburburan sun kai shekaru ɗari biyar zuwa ɗari bakwai. Kwaikwayo ma ba yau ya fara ba. Jan aƙiƙ da kakanninmu mata suka yi ado da shi, tsakiya da talhatana, asalinsa daga garin Khambhat na Indiya yake zuwa ta hannun fatake da mahajjata. A ƙarni na 19 masu sana'ar garin Idar-Oberstein na Jamus suka gano kasuwar, suka riƙa sayo dutse daga Brazil suna rina shi suna yanka shi daidai da fasalin da Afirka ke so. Ba a jima ba masana'antun gilashi na Bohemiya suka kwaikwayi na Jamus ɗin da kwalba. Tsofaffin mata sun san wannan sarai. Sukan ɗora tsakiya a kunci su ji sanyinta, su auna nauyinta a tafin hannu, su duba ramin zare. Wato ba su yarda da ido kaɗai ba. Wannan ɗabi'a ce nake ganin ta yi rauni yanzu, a daidai lokacin da ire-iren duwatsun da ke shigowa suka ninka.

Shi dayofsayid sinadarai huɗu ne suka haɗu suka yi shi: kalsiyam, maganiziyam, silikon da oksijin. Wanda ya fara bayaninsa a rubuce, a shekarar 1800, shi ne José Bonifácio de Andrada e Silva, masanin ma'adinai ɗan Brazil wanda daga baya ya zama jigo a samun 'yancin ƙasarsa a 1822. Bafaranshe René Just Haüy ne ya ba shi sunan da ake kiransa da shi yau, a 1806. Amma sirrin halinsa bai fito fili ba sai 1928, lokacin da Bertram Warren da Lawrence Bragg suka haska shi da hasken eksire a Manchesta ta Ingila, suka gano yadda ƙwayoyinsa suke a jere. Silikon da oksijin sun sarƙu da juna sun yi dogayen silsila, silsilar kuma suna kwance gefe da gefe, kalsiyam da maganiziyam suna riƙe su. Kamar damin kara ne: karya shi a tsakiya sai an sha wuya, amma raba shi a tsaye abu ne mai sauƙi. Shi ya sa dayofsayid ke da hanyoyin tsagewa guda biyu da suka gitta juna kusan a miƙe, kusurwa ɗaya digiri 87, ɗayar 93. Duk abin da za a faɗa kan rauninsa a zobe, da saurin lalacewarsa a rafi, daga wannan ginin ya samo asali.

In babu gauraye a cikinsa, fari ne ko marar launi. Baƙin ƙarfe in ya shiga sai ya koma kore-kore mai duhu, ko ruwan ƙasa, har ya kai baƙi. Mafi yawan dayofsayid da ke duniya irin wannan ne, babu mai waiwayarsa. Amma in ɗan kuromiyam kaɗan ya shiga, sai ya yi wani irin kore shar mai ɗaukar ido. Kuromiyam ɗin nan shi ne dai ke ba zumurrudu korensa, kuma shi ne ke ba yaƙutu jansa. Don haka kamar da ke tsakanin koren dayofsayid da zumurrudu ba ta banza ba ce, marininsu ɗaya. Jikin da aka rina ne ya bambanta.

Kusan duk koren da ke yawo a kasuwannin duniya daga wuri guda yake fitowa: Inagli, kusa da garin Aldan a yankin Yakutiya na gabashin Rasha, inda sanyin hunturu kan tsayar da aiki watanni. A ƙarshen shekarun 1980 ya fara bayyana a manyan kasuwannin duwatsu, dillalai kuma ba su ɓata lokaci ba suka laƙaba masa "zumurrudun Saibiriya". Ana samun kaɗan a Finlan, Pakistan, Madagaska da tsaunukan Merelani na Tanzaniya. A kwarin Aosta na Italiya akwai wani mai launin shuɗi-shuɗi da shunayya, wanda manganis ya rina. Sai kuma wanda ya fi kusa da idon mai zuwa kasuwa a nan: baƙin dutse mai tauraro daga kudancin Indiya. Ana goge shi ya yi ƙoƙo mai santsi, in haske ya sauka a kansa sai layuka biyu su gitta su ba da tauraro mai ƙafa huɗu, yana bin hasken duk inda aka juya. Siraran allurai na tama da ke cikinsa ne ke haifar da tauraron, su ne kuma ke sa maganaɗisu mai ƙarfi ya ɗan ja shi. Wanda aka kawo wa baƙin zobe mai tauraro aka ce masa safaya ne, ya ƙirga ƙafafun. Tauraron safaya shida yake da su, wani lokaci goma sha biyu. In huɗu ne, ga dukkan alamu dayofsayid ne, kuma kuɗinsu ba su ko kusa.

An ce araha ba ta ado. A kan wannan dutse ban yarda ba. Koren Inagli mai kyau yakan fi matsakaicin zumurrudu tsabta da ƙyalli. Zumurrudu kusan kullum da tsage-tsage a cikinsa, shi ya sa ake ɗura masa mai ko danƙo don ɓoye su, abin da ya zama al'ada a kasuwar duniya. Dayofsayid kuwa yadda aka haƙo shi haka ake yanka shi, ba dafawa ba rini. Amaryar da aka saka wa 'yan kunne na koren dayofsayid a lefe ba a rage ta da komai ba, muddin an sayo shi da sunansa, a kan kuɗinsa. Illar tana ga sunan aro. Ranar da aka tashi sayarwa don wata lalura, aka kai wa wanda ya san dutse, ranar ce za a ji zafin abin.

Sai dai yana da aibi na gaske, kuma ƙasarmu na tona shi fiye da wasu ƙasashe. A ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, daimon ne 10, safaya da yaƙutu 9, zumurrudu 7.5 zuwa 8, farin dutsen ƙanƙara 7. Dayofsayid yana tsakanin 5.5 da 6.5. Ka'idar ita ce na sama yana karce na ƙasa. To, yashin Katsina da ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa cike suke da ɓurɓushin dutsen ƙanƙara. Duk sa'ad da mutum ya goge zobensa a gefen riga alhali ƙura na kansa, gogar yashi yake yi masa. Zumurrudu zai jure, dayofsayid ba zai jure ba. A hankali gefunan yankan za su dakushe, fuskar ta dusashe. Ga kuma batun tsagewa: bugu ɗaya a ƙofar mota ko a bakin turmi na iya raba shi. Saboda haka ya fi dacewa da sarƙa da 'yan kunne a kan zobe ko warwaro. In zoben ake so, maƙerin fari ya yi masa gida mai baki da zai kewaye shi, kada a ɗaga shi a kan 'yan ƙafafu. A wanke shi da ruwa da ɗan sabulu kafin a goge, a ajiye shi daban da sauran kayan ado. In za a gyara azurfar, a cire dutsen tukuna. Ba don zai narke ba, domin sai zafi ya kai digiri 1,391 yake narkewa, sai don zafin farat ɗaya na fasa shi.

Wani halin nasa shi ne girma ba ya yi masa kyau. In ya wuce karat biyu ko uku, korensa kan yi duhu har ya kusa zama baƙi. Karat ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram. Don haka ƙanana ake yanka shi. Babban koren dutse mai haske tas, marar tabo ko ɗaya, a kan kuɗin da bai kai na buhun gero ba, ba zumurrudu ba ne, da wuya kuma ya zama dayofsayid. Kwalba ce ko haɗin masana'anta.

Yaya za a rarrabe? Hanya mafi inganci da ba ta buƙatar na'ura mai tsada, malamin nan Abu Raihan al-Biruni ya yi aiki da ita tun ƙarni na 11, ya kuma rubuta sakamakonsa a littafinsa na jauhari, al-Jamahir. Ita ce gwada nauyin dutse da nauyin ruwa mai girmansa. Alƙaluman da ya samu sun yi kusa ƙwarai da na yau. Ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da zinariya ya isa. A auna dutsen a rubuta. A ɗora kofin ruwa a kan sikelin a mayar da shi sifiri, a ɗaure dutsen da siririn zare a nutsar da shi ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba, a rubuta abin da sikelin ya nuna. A raba na farko da na biyu. In dutse ya yi giram 1.65 a fili, a ruwa kuma sikeli ya nuna 0.50, amsar 3.3 ke nan. Zumurrudu wajen 2.7 yake bayarwa, kwalbar yau da kullum wajen 2.5, tomalin ɗan sama da 3, dayofsayid wajen 3.3, safaya 4. Gwajin ba ya yiwuwa in dutsen na kan zobe, kuma in ya yi ƙanƙanta sosai lissafin kan kauce. Zabarjadi ma 3.3 yake bayarwa, sai dai korensa na da ruwan ɗorawa a ciki.

Madubin hannu mai ninka girma sau goma shi ne abu na biyu da ya kamata a ce kowane mai sayar da zobba yana da shi a aljihu. Kwalba takan nuna ƙananan kumfa masu zagaye a ciki, gefunanta kuma a dakushe tun tana sabuwa. Dayofsayid yana raba hasken da ya ratsa shi gida biyu, don haka in aka leƙa ta samansa za a ga layukan ƙasa sun zama bibbiyu. Zumurrudu ba ya nuna haka a fili. Gwajin karcewa kuwa na ɗanyen dutse ne kawai, wanda ba a goge ba: dutsen ƙanƙara zai ja layi a jikin dayofsayid, ba zai iya da zumurrudu ba. Kada a yi wa kayan mutane wannan a kan tebur.

Akwai masu tallar dutsen a intanet da cewa yana warkar da ciwon zuciya, yana kawar da baƙin ciki, yana jawo arziki. Babu wani binciken likitanci da ya tabbatar da ko ɗaya. Saka zoben azurfa ga namiji abu ne da ya inganta daga Manzon Allah (SAW), Alƙur'ani kuma ya ambaci lu'ulu'u da murjani da yaƙutu a Suratur Rahman a matsayin abubuwan ƙawa da ni'ima. Ado halal ne. Jingina wa dutse ikon warkarwa ko kariya wani abu ne daban, malamanmu sun daɗe suna jan kunne a kansa. Mai hawan jini asibiti zai je.

A masana'antu ana niƙa farin dayofsayid a haɗa a tangaran da tayil, domin yana rage zafin da ake buƙata wajen gasawa, yana kuma ƙara ƙarfi. Masu bincike na gwada irin wanda aka haɗa a ɗakin gwaji wajen cike gurbin ƙashi, saboda jiki ba ya ƙinsa, da wajen kulle dattin nukiliya a cikin gilashi. Amfani ne na gaske, amma ba shi ya ɗaukaka sunan dutsen ba.

Abin da ya ɗaukaka shi yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Daga cikin hanyoyin da dayofsayid ke samuwa, biyu ne suka shafe mu. Ta farko, idan dutsen farar ƙasa mai maganiziyam ya haɗu da yashi, zafi da matsi suka dafa su a cikin ƙasa, sai iskar kabon ta fice, abin da ya rage ya zama dayofsayid. Irin wannan ake gani ƙwaya-ƙwaya a wasu duwatsun mabul da maƙwabtansu a jihohin Kogi da Edo. Ta biyu ita ce mai zurfi. Ɓawon ƙasar da muke zaune a kai kaurinsa kilomita 30 zuwa 50 ne a nahiyoyi. Ƙarƙashinsa akwai wani koren dutse mai nauyi da ya kewaye duniya baki ɗaya, koren dayofsayid mai kuromiyam kuma na cikin manyan abubuwa huɗu da suka yi shi. Babu rijiyar da ɗan Adam ya taɓa haƙawa da ta kai can. Mafi zurfi, ta Kola a Rasha, ta tsaya a ɗan sama da kilomita 12. Sai dai duwatsu masu aman wuta kan ɓantaro guntaye daga can su fito da su. A Kerang ta ƙaramar hukumar Mangu a Jihar Filato, inda ake ɗibar ruwan Swan, da tsaunukan Biu na Jihar Borno, ana tsintar irin waɗannan dunƙulen a cikin baƙin dutse: kore-kore masu ƙyalli, da ɗigo-ɗigon kore shar a jikinsu. Ɗigon nan shi ne dayofsayid.

Jihar Katsina ma ta samu rabonta na dangin wannan dutse, amma ita daga sama ya zo mata. Ranar 3 ga Oktoba 1962, wani manomi yana korar tsuntsaye a gonarsa kusa da dutsen Zagami, a yankin Faskari, sai ya ji ƙara mai firgitarwa, wani abu ya faɗo taku kaɗan daga inda yake ya nutse a ƙasa. Dutse ne mai nauyin kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ƙasa a Kaduna. Shekaru bayan haka aka tabbatar da cewa daga duniyar Mas ya fito, domin a 1995 an auna iskar da ta maƙale a cikinsa aka ga ta dace da iskar can. Mafi yawan jikin dutsen Zagami ma'adinai ne 'yan gida ɗaya da dayofsayid, masu irin silsilar nan da hanyoyin tsagewa biyu. An yayyanka shi, guntayensa sun watsu a gidajen tarihi da ɗakunan bincike da hannun dillalai a ƙasashen waje. Har wani ɗan ɓarɓashinsa aka liƙa a kumbon da Amurka ta harba zuwa Mas a 1996. Masu nazarin sararin samaniya a duk duniya sun san sunan Zagami. Ina shakkar ko ɗaliban sakandaren Faskari da Funtuwa suna jin labarin a aji, kuma wannan abu ne da ke damuna.

Yanzu batun daimon. Daimon yana samuwa ne a zurfin da ya haura kilomita 150, wani irin narkakken dutse mai suna kimbalayit ne ke ɗauko shi da gudu ya fito da shi ta wani rami mai siffar mazurari. Sunan daga garin Kimbali na Afirka ta Kudu yake, inda aka yi rububin haƙa a 1871. Matsalar mai nema ita ce daimon ya yi ƙaranci ƙwarai, ko a rami mai albarka tan guda na dutse ba ya ba da ko giram ɗaya. Amma kimbalayit kan taho da abokan tafiya masu yawa: jan ganet mai ruwan shunayya, baƙar tama mai ƙyalli, da koren dayofsayid. Su ake bi. Da bin jan ganet a rafuka ne Larisa Popugayeva ta gano ramin kimbalayit na farko a Yakutiya a 1954. A Botswana, inda yashin Kalahari ya binne komai, gara ce ta taimaka, domin tana haƙa ƙasa mai zurfi neman laima tana fito da ƙwayoyin a surinta, kuma irin waɗannan alamu ne suka kai masu bincike ga Jwaneng a farkon shekarun 1970. A Kanada, Charles Fipke da Stewart Blusson sun shafe kusan shekaru goma suna bin ƙwayoyin nan ta ɗaruruwan kilomita, har aka huda kimbalayit mai daimon a yankin Lac de Gras a 1991, ma'adinar Ekati ta buɗe a 1998.

A cikin abokan tafiyar nan, rauninsa ne ya ba dayofsayid daraja ta musamman. Ganet da baƙar tama suna da juriya, ruwa na iya kai su nesa ƙwarai, don haka ganinsu na nuna cewa akwai wani abu a wani wuri. Dayofsayid kuwa, musamman a ƙasa mai zafi da damina irin tamu, ba ya nisa yake farfashewa ya ruɓe. In aka tsince shi da korensa shar a cikin rariya, to mahaifarsa tana kusa.

Wannan ya kawo mu Kafur. A shekarun 1970, lokacin Katsina na cikin tsohuwar jiha ɗaya da Kaduna, masana daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi nazari a kan wani dutse a yankin Kafur, kusa da Malumfashi, wanda aka kyautata zaton kimbalayit ne. Tun daga nan sunan daimon ke fitowa a jerin ma'adinan Jihar Katsina, tare da farar ƙasar Ƙanƙara da zinariya da sauransu, kuma yakan dawo bakin jama'a duk lokacin da aka tashi maganar arzikin ƙasa. Har yau ba a buɗe ma'adinar daimon a can ba. Ina ganin ya kamata a gaya wa mutane dalilan da suka sa bai dace a ɗora buri mai yawa ba. A cikin dubban ramukan kimbalayit da aka gano a duniya, wajen ɗaya cikin ɗari ne kawai ke da daimon da zai biya kuɗin haƙa. Sannan tun 1966 masani Tom Clifford ya nuna cewa masu albarkar kusan duk suna kan tsofaffin sassan nahiyoyi ne, waɗanda suka daɗe ƙwarai ba su motsa ba, masu saiwa mai kauri da sanyi inda daimon ke iya zama. A Afirka ta Yamma wannan sashe yana can yamma, shi ya sa ake da daimon a Kono ta Saliyo, da Gini, da Laberiya, da Kwaddebuwa, har da Akwatiya ta Gana inda Hausawa da yawa suka yi zango. Arewacin Najeriya kuwa yana kan yankin da aka murɗe aka sake dafawa wajen shekaru miliyan 600 da suka wuce. Wannan bai rufe ƙofa gaba ɗaya ba, amma ya ƙuntata ta sosai.

Kuma ba kowane koren dayofsayid ne ke nuna daimon ba. Na Kerang da Biu daga zurfin da bai kai na daimon ba suka fito. A ido duk ɗaya suke da na kimbalayit. Sai an saka ƙwayar a na'ura an auna yawan kuromiyam da alminiyam da sodiyam da ke cikinta kafin a san zurfin da ta baro. A nan ne nake jin tsoro. Mun ga yadda jita-jitar zinariya ko safaya kan kwashe samari daga gona cikin mako guda, a yi ta rami babu tsari, ƙasa ta rufta da mutane, gonaki su lalace. Mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje ya kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta, don ba a san abin da ke cikin dutsen ba. Ga kuma yadda haƙa ba bisa ƙa'ida ba ya cuɗanya da matsalar 'yan bindiga, har gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara daga 2019 zuwa ƙarshen 2024. Kudancin Katsina da yammacinta ba sa buƙatar wani sabon rububi a kan ƙwayar da ba a auna ba.

Wanda ya ga koren ƙwaya a yashin ƙorama ko a suri, abu mafi daraja da ke hannunsa shi ne sanin ainihin inda ya tsince ta, domin ƙwayar da aka raba da wurinta ba ta gaya wa masani komai. Ya ɗauki lambobin wurin da wayarsa, ya ɗebi yashin tare da sauran baƙaƙe da jajayen ƙwayoyin da ke ciki, ya ƙulle a leda ya rubuta rana, kada ya niƙa, kada ya haɗa da na wani rafi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta damƙa mallakar duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa ga gwamnatin tarayya, kuma ta tanadi lasisin ƙananan masu haƙa, wanda ƙungiyar haɗin kai ta mutanen gari za ta iya nema. Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya tana da ɗakunan gwaji a Kaduna, sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello kuma yana nan a Samaru, tafiyar da ba ta kai ta yini ba daga Kafur.